Launin da Manya Suka Zaɓa

A sashenmu na jami'a ba a zaɓar komai sai an bi girma. Kujerar ofis, labule, naman walima, babba ne ke fara ɗauka, na ƙasa ya jira ragowa. Na saba da wannan har na daina jin haushi, sai da aka zaɓi launin furotin ma ta wannan hanya.

Akwai wata ɗaliba a lokacin, malamar sakandare ce daga garin Mutum Biyu. Da ƙyar ta samu hutun ƙaro karatu, kuma an gaya mata in ya ƙare ya ƙare. Sunan Farfesa ne a kan aikinta, ni ce dai ƙaramar malamar da ke wuni da ita a ɗakin gwaji. Tana nazarin ƙwayar cutar sammore, wadda ta yi wa garken mahaifinta ɓarna. Tambayarta ɗaya ce: wasu furotin biyu da ke cikin ƙwayar, wuri ɗaya suke zama ko kowa da ɗakinsa? Don a gani, ana liƙa wa kowanne wani furotin mai ƙyalli, a haska a ƙarƙashin madubin ganin ƙwayoyin cuta, kowa ya fito da launinsa. Sharaɗin kawai launukan su yi nesa da juna. Kore da ja, magana ta ƙare. Kore da rawaya kuwa haskensu shiga juna yake yi, gilasan tace haske na madubinmu ba sa iya raba su.

Wata abokiyar aiki a ƙasar waje ta yarda ta aiko mana launi biyu, ta ce mu zaɓi waɗanda muke so. Sai Farfesa ya kira taro. Taro guda saboda launi biyu, har da lemo da cincin. Shi ya fara, ya ɗauki kore. Mataimakinsa, wani Dokta da rabonsa da leƙa madubi tun ɗalibar tana firamare, ya gyara babbar riga ya ce rawaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba mu ja. Waɗannan biyun ba za su rabu a hoto ba."

Farfesa ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, Dokta ya riga ya zaɓa. Kina so ya mayar ne? Ja kam ko a projekta bai da kyau."

Aka yi masa dariyar neman gindin zama. Bayan taro na bi shi ofis na sake yin bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in aka canza Dokta zai ji an raina shi, kuma sun daɗe tare. Daga nan ya tambaye ni lafiyar yara.

Watanni ɗalibar ta yi tana aikin, ga ɗauke wuta, ga janareto mai cutar farfaɗiya. Da hotuna suka fito, duk inda kore yake rawaya na nan. Farfesa baki har kunne, wai an gano furotin biyun ba sa rabuwa. Na sa ta ɗauki hoton ƙwayar da kore kaɗai aka sa wa, ita ma ta fito da rawayanta ɓaro-ɓaro. Muka saka shi cikin kundin bincikenta. Farfesa ya soke shafin da biro, ya ce zai rikita mai karatu. Ban taɓa raina mai furfura kamar ranar ba, kuma har yau ban ji kunyar hakan ba.

Ranar kare kundi ina zaune can baya, inda ƙananan malamai ke zama ba su da ta cewa. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a, dattijuwa ce marar yawan magana, ta daɗe tana kallon hoton farko. Sannan ta ce, "Wa ya zaɓi waɗannan launuka?"

Ɗalibar ta dubi Farfesa. Shi kuwa ya duƙufa buɗe robar ruwa kamar aikin da aka ɗauke shi yi ke nan. Dokta ya shiga duba waya.

Ɗalibar ta ce, "Ni ce, Ma."

Farfesa ya girgiza kai cikin tausayi. "Yaran yanzu kam ba sa jin magana. Mun faɗa mata."

Na miƙe zan yi magana, shugaban zaman ya ɗaga mini hannu ya ce ba ni cikin kwamiti. Aka yanke cewa sai ta sake aikin daga tushe, da kore da ja.

A waje na sami ɗalibar a gindin mangwaro tana ɗaure kundin da roba. Na ce, "Me ya sa kika ɗauka a kanki?"

"Malama, in na dawo, shi ne zai sa mini hannu."

Hutunta ya ƙare a watan, ba a ƙara mata ba, ba ta kuma dawo ba. Hoton dai yana nan. Duk shekara Farfesa na haska shi a aji don koya wa sababbin ɗalibai illar zaɓen launi ba tunani, da sunanta a ƙasa.