Ranar da Chollom Ya Busa Usur Aka Durƙusa

Ku matso kusa, ku gyara zama, mai shayi a hannu ya ajiye kada ya ƙware. Yau labarin Chollom zan ba ku, alƙalin wasan ƙwallonmu na Beltsville, kusa da Washington, wanda har gobe yake cewa da ya san abin da gwiwa ɗaya za ta jawo masa, da ranar ya ja bargo ya ce zazzaɓi yake yi.

Chollom ɗan Bukuru ne, can Filato. Ya tashi da son ƙwallo kamar ransa, sai dai in ya buga ta gabas, yamma take nufa. Da yaran unguwa suka gaji, sai suka miƙa masa usur suka ce ya tsaya tsakiya ya riƙa raba gardama. Tun daga nan bai ajiye usur ba.

Ya karanta aikin jinya, ya samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila, a wani gari da rana ke leƙowa kamar baƙuwa mai kunya. A can ya ga abubuwa. Akwai wata tsohuwa da ta rantse baƙin hannu ba zai taɓa ta ba. Daga baya ba ta shan magani sai daga hannunsa, amma duk da haka in ya shigo ɗaki sai ta tura jakarta ƙarƙashin matashi. Ran Lahadi bayan coci yakan busa wasan yara, kuma a nan ne wani uba ya tsaya bayansa yana kukan biri. Sauran iyaye duk suka duƙufa kallon takalmansu. Da aka tashi, ɗaya ya kawo masa shayi ya ce, "Yi haƙuri, ba haka muke ba." Chollom ya karɓi shayin, don ana sanyi, amma a ransa ya ce, ɗazu ina bakinka yake?

Da ya dawo Maryland da matarsa Nanret da 'yarsu Diana, abin da ya fara nema bayan gida shi ne fili. Shi ya kafa ƙwallon Asabar. Musulmi su taso daga Sterling su ƙetaro kogi, 'yan Kudancin Kaduna da Filato su fito daga Beltsville, ɗalibai su zo daga College Park da yunwarsu. Wanda ya san Jos ya san abin da ake nufi in aka ce waɗannan sun sa riga iri ɗaya. Dokarsa ɗaya ce: addini da siyasar gida a bar su cikin mota. Wannan fili shi ne abin alfaharinsa a duniya, har Nanret takan ce, "Baban Diana, da filin nan na da ɗaki, da can za ka tare."

To, sai aka yi wasan ƙarshen nan da Ingila ta sha kashi a bugun fenareti, aka yi wa 'yan wasanta baƙaƙe ruwan zagi a intanet, duk da durƙuson da suke yi kafin take wasa don nuna ƙin wariyar launin fata. A daidai lokacin kuwa ƙungiyar Chollom ta shirya wasan sada zumunci da wasu Turawan Ingila da ke aiki a Washington.

Yashim, ɗalibin digiri na uku a College Park, ya tsayar da kowa bayan atisaye. "Jama'a, ranar wasan nan sai mun durƙusa kafin a take. A gabansu. Su gani da idonsu."

Khalil, injiniya daga Sterling, mai tsaron baya da ba a wuce shi sai da addu'a, yana kwance igiyar takalmi ya ce, "Ni gwiwata ba ta taɓa ƙasa sai don Allah. Mahaifina ma da ya haife ni, a tsaye nake gaishe shi."

"Wa ya ce mutum za ka durƙusa wa, Injiniya? Alama ce."

"Alamar me? Su da suke ta durƙusawa, an daina zagin? Ka je ka rubuta a takardar digirinka, Farfesa."

"Wato mu naɗe hannu ke nan? Tambayi Oga Chollom, shi ya zauna da su!"

"Ƙwarai, tambaye shi. Oga Chollom zai gaya maka wasan kwaikwayo ne."

Kowa ya ce a tambayi Chollom, amma ba wanda ya yi shiru ya ji amsa. Ya buɗe baki ya ce, "To, ni a ganina..." sai wani ya katse shi da labarin abin da ya karanta a waya. Mutanen da iyakar saninsu da Ingila canjin jirgi ne, su ne suka fi kowa sanin halin Bature. Shi kuwa ra'ayinsa ba ya shiga aljihun kowa: durƙuson bai hana mai kukan biri kukansa ba, amma ihun da wasu 'yan kallo ke yi wa masu durƙuso ya nuna wa mai shayi cewa ba zai ƙara cewa "ba haka muke ba" da sauƙi ba. Wa zai tsaya jin wannan doguwar magana?

Kafin mako ya zagayo, gardama ta bar Ingila ta koma gida. Yashim ya ce, "Dama ku kullum sai kun kawo addini." Khalil ya ce, "Mu su wa?" Da Chollom ya ji "ku" da "mu" sun shigo filinsa, sai ya tsayar da gardamar. Ya yanke hukunci: zai busa usur, mai so ya durƙusa, mai so ya tsaya, kada wanda ya kalli wani.

Ranar wasa da hantsi, Fahad, mai tsaron gidansu, ya zo da mahaifinsa, Alhaji Aminu, dattijon da ya zo ganin likita daga Kano, aka ce ya fito ya sha iska. Aka kafa masa kujera a bakin layi, daidai tsakiya, da babbar riga da sanda. 'Yan wasa suka jeru, kuma ta inda aka yi rashin sa'a, fuskarsu na kallon kujerar.

Chollom ya busa. Yashim da mutanensa suka kai gwiwa ƙasa. Yawancin Turawan ma suka durƙusa. Khalil da wasu 'yan Sterling suka tsaya ƙyam.

Fuskar Alhaji ta washe. Tun zuwansa ƙasar nan jikokinsa ke ɗaga masa hannu daga nesa, yau ga samari har da jajayen fata sun zube gabansa. Ya ɗaga hannu yana amsawa da ƙarfi, "Yauwa! Yauwa samari! Lafiya lau. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku mata nagari!" Sai idonsa ya faɗa kan masu tsayuwa. Ya nuna Khalil da sanda. "Kai, dogo! Ɗan gidan wa ne kai? Nasara ya san girman furfura, kai ka tsaya min kamar turke? Haka aka koya maka a gida?"

Sai wani ɗalibi ya kasa riƙe dariya, sauran suka bi. Turawa na tambayar me tsohon ya ce. Fahad ya rufe fuska da safar hannu. Khalil kuwa, mutum mai 'ya'ya uku, an zage shi a gaban jama'a, kuma ba dama ya mayar wa sa'an mahaifinsa magana. Ba kuma wanda zai iya ce wa dattijo a bainar jama'a, Baba ba kai ake gaisarwa ba. Khalil ya juya ya nufi mota.

Chollom ya bi shi da gudu, usur na rawa a wuya. "Injiniya, don girman Allah. Tsoho ne, bai sani ba."

"Tsohon bai dame ni ba, Oga. Dariyar fa? Ka ga su wa suka yi ta?"

"Har da 'yan Sterling a masu dariyar!"

"Kai ka busa usur ɗin," in ji Khalil, ya ja ƙofa.

Aka buga wasan babu shi, Turawa suka zura musu ƙwallaye har Chollom ya daina jin haushin ƙirgawa. Alhaji ya koma gida yana yabon tarbiyyar Turawan Ingila. Maganar yaran da aka zaga kuwa, wadda don ita aka yi duk wannan, ba wanda ya ƙara tayar da ita.

Asabar ta gaba 'yan Sterling suka aiko cewa cunkoson hanya ya yi yawa, sun samu fili kusa da gida. Ba wanda ya ce an rabu. Ana gaisawa a waya, ana tambayar iyali. Amma yanzu fili biyu ne, kuma kowa ya san wa ke zuwa wanne. Chollom ya ƙi zaɓa. Wannan Asabar yana Beltsville, waccan ya tuƙa mota ya ƙetare kogi, yana tafe yana masifa shi kaɗai: mai kukan biri na can Ingila yana shan shayinsa lafiya, bai ma san an yi ba, ni kuwa ga ni a gada ina ƙona mai. Kowane fili ya je sai ya ce ɗaya filin na gaisuwa, ko da ba wanda ya aiko shi. Ya ce sai ya ga an sake sa riga ɗaya kafin gwiwarsa ta hana shi gudu.

To ku da kuke zaune, in da usur ɗin a bakinku yake ranar, ga Yashim na kallonku ga Khalil na kallonku, za ku busa ko za ku mayar da shi aljihu?