Doña Herminia da Mai Kyamara

Shekara talatin Doña Herminia Quispe tana ɗinka wa 'yan rawar Bolibiya kayan biki a New York. Tun da Remedios, abokiyar sana'arta, ta kwaikwayi adonta har ta ci kyauta, Herminia ta daina yarda da kowa.

Ana saura mako guda faretin shekara, wata budurwa ta zo da kyamara, wai gidan tarihi ne ya aiko ta ta ɗauki hoton kayan rawar.

Herminia ta ce, "Gidan tarihi? Mutuwa na yi? 'Yar nan, ko dai Remedios ce ta turo ki?"

"Na rantse, Doña, ban san ta ba."

Herminia ta fito mata da rigar bara. Ta bana kuwa, zama ta yi a kanta har baƙuwar ta tafi.