Teburinka Yana Ofishina, Kawu

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah ya karɓi ranka, Kawu. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma. Tun ranar nake ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don kunya.

Shekara arba'in kana aikin kafinta. Kowa ya san halinka: in ka gama tebur sai ka cire takalmi, ka hau kansa ka yi tsalle kafin mai shi ya ɗauka. Ana dariya, kai kuwa ka ce gara ya karye da kai da ya karye da ɗan wani. Magidanta goma sha biyu ke ci a shagonka. Ni ma da guminka na yi karatu.

Bara gwamnati ta nemi teburan makarantu, ni ne sakataren kwamitin ba da kwangilar. Ka kawo samfurinka da kanka, har ka sayi katako ka tara, don ka yarda cancanta za a bi. Naka ya fi ƙarko, ya fi araha, duk mun gani. Sai shugaban kwamiti ya miƙo min takarda da sunan wani ɗan jam'iyya da bai taɓa riƙe zarto ba, ya ce daga sama ne. Na ji tsoron rasa kujerata, na sa hannu.

Da ka zo jin bayani, na ce takardunka ne ba su cika ba. Ƙarya na yi maka, Kawu. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Yi haƙuri, ɗana, na ba ka kunya a wurin aikinka." Wallahi da zagina ka yi da ya fi min sauƙi.

Teburan ɗan jam'iyya ba su ga ƙarshen zangon karatu ba, yara suka koma zaman ƙasa. Shagonka ya rufe, ƙwararrunka suka tsallaka ƙasashen da ake duba aiki kafin a duba katin jam'iyya. Sannan mu zauna a ofis muna kukan ƙasa ba ta ci gaba, alhali da sa hannun irina ake kashe ta.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa matarka Inna da 'ya'yanka da ma'aikatanka ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙuri. Inna, gobe zan zo in faɗa miki da bakina, ko za ki yafe min.

Samfurin nan ba ka dawo ka ɗauka ba, Kawu. A kansa na rubuta wannan. Har na gama, ko motsi bai yi ba.