Ranar da Hajiya Rakiya Ta Sa Aka Tsayar da Fim

Ko zan manta da komai na aikin nan, ban da wata Laraba a shekarata ta biyu a makarantar koyon Faransanci da ke unguwar Paris-Congo. Lokacin ni ke kula da darasin fim na ajin manya. Ga yadda ake yinsa: in zaɓi sabon fim na Faransanci, in kalle shi ni kaɗai tukuna, in raba shi gunduwa-gunduwa. A aji sai in nuna gunduwa ɗaya ba fassara, in tsayar, in yi tambayoyi. Doka ɗaya ce: ba Hausa, ba Larabci.

Shugabarmu, Madam Odil, Bafaranshiya ce marar son wasa. Ta kira ni ofis ta ce, “Malam Sani, ɗalibanka kallo kawai suke zuwa yi. Zan zauna a ajinka ranar Laraba. In ba su yi magana ba, mu mayar da lokacin na nahawu.” Raina ya ɓaci, amma gaskiyarta ce. Da na yi tambaya sai ajin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Shugabar masu shirun kuwa ita ce Hajiya Rakiya, mai sayar da atamfa a unguwar Ambassatna. A shago bakinta ba ya mutuwa, a aji ko gaisuwa sai ka kasa kunne.

Larabar ta zo, fim ya kawo inda aka binne mijin wata tsohuwa. Mutane ƙalilan suka ba ta hannu, kowa ya kama gabansa. Ta koma gida, ta ɗumama miya, ta ajiye faranti ɗaya, ta zauna tana ci. Ba ɗalibin da ya ce uffan a ajin duka, ga Madam a bayan aji ta harɗe hannu. Na ce a raina yau kam kashina ya bushe.

Sai Hajiya ta bugi tebur. “Tsayar da shi, Malam! Wannan wane irin rashin imani ne?”

Na tsayar, na ce, “Hajiya, da Faransanci.”

Ta galla mini harara, ta miƙe tana gyara mayafi. “Les voisins, ils sont où?” Wato ina maƙwabta? Daga nan baki ya ɓalle. Da Faransancinta mai ɗingishi ta bayyana yadda ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida in an yi rasuwa, da yadda kwanukan abinci ke shigowa daga gidajen da ba ka ma sani ba. Wani ɗalibi, Abakar direba, ya ce ƙila tsohuwar ce ke son kaɗaicin. Mata suka yi masa caa. Kurakurai kam kamar a kwashe da kwando, ban gyara ko ɗaya ba.

Can sai Madam ta ɗaga hannu kamar ɗaliba. Ta ce, “Ranar da muka binne mahaifina, haka na ci abinci. A tsaye ma.”

Hajiya ta dube ta, ta ce da Hausa, “Wayyo 'yar nan.” Sannan ta haɗo kalmominta ɗaya bayan ɗaya da Faransanci: “Ranar Juma'a, gidana za ki ci. Kalas.” Wato magana ta ƙare.

Madam ta je, an ce har da ƙari ta yi. Ba ta sake tayar da maganar soke darasin ba, ni kuma na yi mako guda ina tafiya kamar ni na shirya fim ɗin.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Babba ba ya buɗe baki da sabon harshe don ya burge malami. Sai ya ga abin da ya ƙona masa rai, wanda ba zai iya haɗiyewa ba. Ku nemo masa shi, ku tsayar da fim, ku kama bakinku.