Tseren Dabbobi da Jarkokin da Ke Fashewa

A gidanmu na ƙauyen Babban Duhu, da an idar da sallar isha'i kakarmu Inna Yalwa kan tura karan dawa cikin murhu, mu kuwa mu yi ta ture-ture, kowa na son zama kusa da ƙafarta. Ba ta fara tatsuniya sai ta gama ɓare gyaɗar da ke faifanta, don haka har rige-rigen taya ta muke yi.

Wadda na fi so ita ce ta tseren dabbobi. Wai an yi fari, ruwa ya rage a tafki guda bayan wani dutse mai koguna, hanya ɗaya ce kuma ta ratsa cikinsa. Aka ce wanda ya fara isa shi ne sarkin ruwa. Ɓera ya yi ta cika baki. Amma da aka shiga, duk ramin da ya gani sai ya faɗa. Zomo ya shiga wasu, wasu suka yi masa kaɗan. Giwa kuwa ba ramin da zai ɗauke ta, sai ta miƙe ɗoɗar ta riga kowa.

Yayana Sanusi kullum sai ya yi gardama, wai ai ɓera ya fi gudu. Inna kan buga cinya ta ce, "Kai yaro, ya yi gudun mana, amma a rami ya ƙarar da shi."

Da na girma na karanci kimiyyar sinadarai, na sami aiki a wani kamfanin roba a Kano. Ban daɗe ba 'yan kasuwa suka fara dawo da jarkokinmu suna fashewa, aka ce in ba a gano dalili ba za a rufe sashenmu. Shugabar ɗakin gwaji, Hajiya Rabi, ta kai ni gaban na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin roba. Ta ce roba zarurruka ce da ido ba ya gani, dogayen ne ke ba ta ƙwari. Ana narkar da ita a sinadari, a tura ta cikin siririn bututu cike da ƙanƙanan duwatsu masu ramuka, a lura da lokacin da kowane zare ya fito. Ta tambaye ni waɗanne za su riga. Tun ba ta rufe baki ba na ce dogaye, gajerun za su tsaya shiga ramuka. Ta ce wa ya koya mini, na kasa riƙe dariya.

Gwajin ya nuna gajeru sun yi yawa, zafin injin ƙera jarkokin ne ke tsinka zaren. Aka rage zafi, jarkoki suka daina fashewa.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga mai cika baki. Yanzu na gane yadda ake lura da abu Inna ke koya mana. Da na je Batsari, inda rashin tsaro ya mai da ita, na kwashe labarin duka na ba ta, ina yi ina tafa hannu. Ta saurara, ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo tsagaggiyar robar wankanta.

"To 'yar nan, tafi da wannan ki tambaye ta laifin me na yi mata."