An Yi Jere a Kawo, Amarya Ba Biza

Malam Edita, ina gaisuwa irin ta tsofaffi, wadda ba ta ƙarewa da wuri. Ka yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na firamare na tsaya, ba don karatun ya gagare ni ba, sai don na lura malaminmu ya fara tsoron in kamo shi. A shekarun nan na saba'in, lokacin da kuɗin mai ya sa kowane masinja ya koma sa babbar riga, ni tela ne a Babbar Kasuwar Kaduna, ina da rumfa da keken ɗinki, ina zaune a Kawo tare da yayata. Gwauro ne ni, matata ta rasu ba ta bar mini ɗa ba, kuma na daɗe a haka har 'yan layinmu suka gaji da yi mini tayin ƙannensu. Ina ɗaukar kaina mutum mai sanin duniya, domin na sha zuwa Maraɗi saro yadi, kuma duk takardar da na taɓa nunawa a bakin iyaka ita ce sallama da goro.

Shekarar da Allah ya kira ni Makka, wakilin alhazai ne ya karɓi hotona, bayan 'yan makonni ya miƙo mini fasfo da katin allura. Na soke su a aljihun ƙirji ban ko buɗe ba. A tunanina fasfo shi ne mabuɗin duniya, mai shi sai ya shiga inda ya ga dama kamar mai shiga masallaci. Wannan kalma ta biza, wallahi ko a mafarki ban taɓa cin karo da ita ba.

Bayan an gama aikin hajji jirginmu na komowa ya yi ta jinkiri, yau gobe, yau gobe, har zaman ya ishe ni. Hannun tela ba ya son zama, sai na riƙa zuwa shagon wani tela a lungun da ke bayan masaukinmu ina taya shi aiki. Gajeren mutum ne mai fara'a, ya ce shi mutumin Fatani ne, can kudancin ƙasar Tailan. Larabcinsa gurgu, nawa makaho, a haka muke jan juna. A bayan labule akwai ƙanwarsa, bazawara, ita ke yin aikin allura a huluna da wuyan riga. Ranar da ta fara ganin ɗinkina ta ɗaga rigar sama, ta ce wanta ya tambayi Alhajin Najeriya ko a ƙasarsu duk a karkace mutane suke tafiya. Ni da nake ɗinka wa manyan ma'aikatan Unguwar Rimi! Washegari ta aiko mini da shinkafa da wata miyar kifi mai yajin da ya sa na yi hawaye a gaban mutane, ina jin ta a bayan labule tana dariya ƙasa-ƙasa. Malam Edita, gwauro ba ya bukatar fiye da haka.

Aka ɗaura aure a cikin shagon. Wanta ne waliyyi, shaidu kuwa wani tsohon Bahaushe da ya tsufa a Makka da wani ɗan Sudan mai sayar da shayi. Na biya sadaki, aka raba dabino, aka shafa fatiha. Babu wanda ya rubuta ko harafi, kuma ban ga abin mamaki ba, domin a Kawo ma haka muke yi. Na koya mata sannu da aiki, na koya mata madalla. Na ba ta labarin kogin Kaduna da mangwaron Kaduna da ruwan saman da yake jiƙa ƙasa har cikin ɗaki. Wakilinmu ya ce kujera ba matsala, tun da akwai alhazan da Allah ya karɓi abinsa a can. Na ce masa tana da fasfo mai kyau, har da hoton wani tsuntsu mai jikin mutum a bangonsa, ya ce to shi ke nan. Na aika wa yayata ta bakin waɗanda suka riga mu tashi cewa ina tafe da amarya. Aka yi awon kaya, akwatinta na ƙarfe ya bi nawa zuwa cikin jirgi.

A filin jirgin Jidda ne duniya ta nuna mini ban san ta ba. Mai duba takardu ya buɗe fasfonta daga gaba zuwa baya, ya sake daga baya zuwa gaba, ya tambayi ina bizar Najeriya. Na ce matata ce. Ya sa mana albarka, ya sake tambayar ina biza. Na gyara tsayuwa na yi masa bayani cewa a ƙasarmu mace da izinin mijinta take shiga gida, ba da izinin gwamnati ba. Wani ma'aikacinmu Bazazzagi da ke kula da alhazai ya jawo ni gefe, ya ce Alhaji, gidanka naka ne amma ƙasar ba taka ba ce kai kaɗai, mutumin Tailan ba ya shiga Najeriya sai da hatimin ofishin jakadancinmu a fasfonsa, ko an bar ta ta hau, a Kano za a juyo da ita a jirgin da ya kai ta. Na ce to ni yaya aka yi na shigo Makka ba tare da wannan abu ba? Sai ya zare fasfona daga aljihuna, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan wani hatimi, ya ce ga taka bizar nan da kake yawo da ita a ƙirji tun daga Kaduna, kuma ta kusa ƙarewa, kuma wannan shi ne jirgin ƙarshe.

Ba ta yi kuka ba, ni ne na kusa ba maza kunya. Ta gyara mini wuyan riga, ta ce ta bakin wanta har yanzu a karkace yake. Ta sa wanta ya faɗa mini in ɗora akwatinta a kan wani abu kada sanyin ƙasa ya taɓa shi, tun da na ce ruwan Kaduna yana shiga ɗaki. Na rantse musu cewa kafin ruwan farko ya sauka zan aiko da takardar. Da na juya zan tafi ta ce mini sannu da aiki, domin Hausarta ba ta wuce wannan da madalla ba.

Da tasi ta tsaya a ƙofar gidanmu a Kawo, guɗa ce ta tarbe ni. Yaya ta sa an shafe ɗaki da farar ƙasa, ta tara matan unguwa, an yi waina da kunun gyaɗa. Na fito da akwati a hannu. Yaya ta leƙa cikin motar, ta leƙa bayana, sannan ta tambaye ni ko amaryar tana cikin akwatin ne a buɗe mata ta sha iska. Na yi musu bayanin biza da ilmin da na samu shekaranjiya, ina yi ina ɗaga yatsa kamar ni na ƙirƙiro ta. Matan suka ce ai ba komai, dama kayan amarya su ke riga ta zuwa. A ranar suka yi jere, suka kafa gado, suka jera kwanoni, ni kuma na samo bulo na ɗora akwatin a kai.

Daga nan na shiga makarantar da ba ta da hutu. Akwai wani babban ma'aikaci a Unguwar Rimi da nake yi wa ɗinki, mutumin kirki, shi ya ji tausayina. Na je na durƙusa na ce ranka ya daɗe, matata ta maƙale. Ya ce abin da sauƙi, miji zai rubuta roƙo, a haɗa da takardar shaidar aure, a kai Ikko, hedikwatar ƙasa a lokacin, Ikko ta sanar da Jidda, a buga mata hatimi. Na ce ranka ya daɗe, wace takardar aure? Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Na je wurin alƙali, ya ce aurena ya ɗauru a wurin Allah babu shakka, amma shi ba zai sa hatiminsa a kan abin da bai gani ba sai shaidu sun tsaya a gaban hukuma. To tsohon Bahaushen nan shi kansa ba shi da takardar zama a Makka, in ya hango mai kaki ta wani lungu yake bi. Ɗan Sudan kuwa aka ce ya naɗe teburin shayinsa ya koma gida. Na hau jirgin ƙasa na je Ikko, na yi rantsuwa a kotu, na zauna a bencin ofis har masu shara suka fara gaishe ni da suna. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya cuce ni, kowa cewa yake Alhaji a kawo abu kaza, kuma abin nan kullum yana hannun wanda ba zai iya kawo shi ba. Ruwan farko ya sauka, na ƙarshe ya ɗauke.

Da alhazan shekara ta gaba suka dawo, suka zo mini da labari daga bakin tsohon. Takardar zaman wanta ta ƙare ba a sabunta masa ba, sun rufe shago sun koma Fatani. Na koma Unguwar Rimi. Maigidan ya bincika, ya ce yanzu zancen Jidda ya mutu, kuma yadda aka faɗa masa ba mu da ofishi a ƙasarsu, sai ta je wata ƙasa ta nemi bizarmu, ita ma waccan ƙasar sai da takardar shiga. Na ce to ni in tafi can mana. Ya ce ni ma sai da tasu bizar, kuma ya tambaye ni sunan ƙauyensu. Na faɗa, ya ce in maimaita, na maimaita ya fito dabam. Ya shimfiɗa taswira a kan tebur muka bi ta da yatsa har bakin teku, ba mu ga abin da ya yi kama da ko ɗaya ba.

A daidai lokacin ne kuma shinkafar Tailan ta cika kasuwa, buhu a kan buhu har rufin rumfa. 'Yan layinmu suka samu abin yi. In an sauke mota sai a ƙwala mini kira, Angon Tailan, fito surukanka sun aiko da gara. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya ce kuskurena ɗaya ne, da na sa matar a buhu na zaunar da akwatin a kujera, da tuni ta haihu. Ina tayawa da dariya, har ina cewa duk mai cin shinkafar ya biya ni la'ada. In na koma gida kuwa ba na iya haɗiyar ta. Yaya ta lura, ta daina dafawa. Kowace Juma'a tana shiga ɗakin ta goge kwanonin jere ta fito.

Saƙo na biyu wani alhaji ɗan Katabu ne ya kawo shi, shi ma daga bakin tsohon, wanda ya ji daga alhazan Fatani. Wanta yana gaishe ni. Ya ce ƙanwarsa tana nan tana jira, an zo neman aurenta ta ce akwai igiya a kanta, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, kuma shekaru suna tafiya. Ya ce in zan zo in zo, in ba zan iya ba in ji tsoron Allah in sauwaƙe mata. Na yi kwanaki ina faɗa da ɗan Katabu a zuciyata kamar shi ya yi maganar. Yaya ce ta zaunar da ni, ta ce ƙanena, kai kana da kasuwa da abokan wasa, ita me take da shi ban da jiranka? Da lokacin tafiya hajji ya zagayo na kira maniyyaci ɗaya da shaidu, na furta abin da ban taɓa zaton bakina zai furta ba. Aka tafi da sakin a baki. Shi ba wanda ya tsayar da shi a filin jirgi ya nemi hatimi.

An tabbatar mini ya isa Makka, tsohon ya ba wani alhajin Fatani ya kai. Daga nan ban ƙara jin komai ba, tsohon ya rasu, hanyar ta toshe. Har yau ban sani ba ko saƙon ya same ta, ko yana can ya ɓace a wani ƙauye mai irin sunan nasu, ita kuma ta tsufa tana cewa akwai igiya a kanta. Ranar da aka kwance jere na buɗe akwatin. Zannuwanta ne, da ƙaramin turmin dutse, da huluna daidai kaina, da wata 'yar ƙarama ta jariri da ba a gama aikinta ba. Wanta bai taɓa ambaton ɗa ba, don haka na san ɗinkin fatan haihuwa ne kawai.

To Malam Edita, ga nasiha daga babban masanin harkokin ƙasa da ƙasa mai aji huɗu. Samarinmu yanzu suna zuwa ko'ina, Tailan ɗin ma an ce saro kaya ake zuwa kamar Kano. Duk wanda zuciyarsa ta faɗa a ƙasar wani, kafin ya tambayi sadaki ya tambayi me ƙasarsa take nema a fasfon yarinyar, a ina ake buga shi, kuma wa zai buga. A rubuta auren a gaban hukuma, a samu shaidun da ba sa gudun mai kaki, a rubuta sunan garinsu da irin rubutunsu. Kada ka raba 'yar mutane da kayanta sai ka ga hatimi da idonka. Ni na yi zaton fatiha ta isa, kuma ta isa a wurin Allah, amma ba ta buɗe ƙofar jirgi ba. Abokan da suke kirana Angon Tailan duk sun riga ni gidan gaskiya, babu sauran mai tsokanata. Akwatin yana nan a kan bulo, kuma har yanzu in aka yi ruwa mai ƙarfi nakan sunkuya da wannan bayan nawa in shafa ƙarƙashinsa, in ji ko sanyi ya taɓa shi.