Ranar da Na Ce Ya Tambayi Ubansa

Shekarun baya, ba a jima da yanke mana jihar Kebbi ba, ɗana na fari ya kamu da tarin fuka. Ya ɗan haura ashirin, shi ne ƙarfin gonar albasar mahaifinsa a Aliero. A asibitin Jega aka ɗora shi kan maganin wata takwas, aka ba shi kati. Ni ke ajiye katin a cikin kwalla, don duk gidan ni kaɗai na zauna ajin yaƙi da jahilci. Karatun nawa sai a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, amma ina kaiwa. Saboda ni malamin asibitin ya rubuta da Hausa a bayan katin: kada a bar magani sai an auna kaki.

A wata na huɗu tari ya lafa, yaro ya yi kumatu. Ga dashen albasa ya kama, hannu ya yi kaɗan. Ran kasuwar Jega maigidana ya kai shi wani shago da ake awon jini, suka dawo da takarda.

"An auna jininai, tas yake," in ji Malam, maigidan nawa. "Gobe shi bi ni fadama. Wanga magani shi ka kashe mai jiki."

Na ce, "Malam, katin fa kaki ya ce."

Ƙanwar Malam na gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta saki dariya. "Oh ni! Yau ga uwa na yi ma ɗan fari lauya. Boko ya ɗebe miki kunya ke nan?"

A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Wannan aikin kaka ne, tasa kuwa ta rasu. Sai na ji kamar an tuɓe mini zane a tsakar gida.

Yaron ya dube ni, ƙwayoyin na hannunsa. "Inna, in bari?"

Na kau da kai na ce, "Tambayi ubanka."

Ya bari. Ya yi dashe, ya yi ban ruwa. Ba a kai ga cire albasa ba ya fara tofar da jini. Da muka koma Jega, malamin asibitin ya juya takardar shagon ya ajiye.

"Inna, jini ba shi hwaɗa muna ko ƙwayar cutar ta mutu. Kaki muka dubawa. Ba don ke na rubuta ba?"

Na ce don ni ne.

Aka sake magani daga farko, har da allura kullum, amma bai kama ba. Kafin ruwan farko ya sauka muka rasa shi.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da Allah ba. Malam ma na yafe masa, bai iya karatu ba. Ni na iya. Na karanta, na gane, na zaɓi kada a yi mini dariya.

Da dangina suka zo gaisuwa daga Maiyama, na zauna ido a bushe, yadda ake so uwar ɗan fari ta zauna. Ina jin su suna yaba ni, wai ba a sake haihuwar mace mai kunya irina. Har yau in an so yi wa ƙananan mata faɗa, da ni ake misali. Ni kuwa sai in tashi in ba su wuri.